Takardar da Ba Ta Je Rijiya Ba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau an kawo kujera ta biyu teburina. Shekara talatin da ɗaya ina aiki a ofishin gwajin ruwan nan ban taɓa neman mataimakiya ba, sai yau Allah ya kawo. Oga ya ce, "Mama, ba don wani abu ba ne, don a rage miki nauyi ne." Na ce na gode. Akuya ma in za a kai ta kasuwa ana shafa mata baya.

Wadda aka zaunar daga sashen sama aka sauko da ita, sa'ar autata ce. Jajayen biro uku ta jera a gabanta, saboda haka a littafin nan Jan Biro zan kira ta.

Aikin ba shi da wani sirri. Dogo yana zagaya rijiyoyi tamanin da shida a kan babur. A kowace ya cika kwalba, ya rubuta takarda: lambar rijiya, rana, lokaci. Mai Gwaji ya duba ruwan a ɗakinsa, ya rubuta sakamako a ƙasan takardar. Ni kuma in zuba a kwamfuta, ita ce ke nuna rijiyar da za a rufe. Takardun in sun yi wata guda a ƙone su, don Oga ya ce zamanin tara takarda ya wuce. Daga yau kuwa, duk layin da na buga sai Jan Biro ta gwada shi da takarda, Mai Gwaji ya sake dubawa, Oga ya sa hannu.

Ranar Juma'ar ƙarshen wata za a aika rahoto babban ofis, a faɗi inda laifi ya fito har aka bar gurɓatacciyar rijiya a buɗe. Wata shida ya rage mini in yi ritaya. Sunan da aka rubuta a rahoton nan, da shi zan koma gida.

Ba zan rubuta maganar rijiya ta arba'in da ɗaya ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Layi ɗari da tara. Ba a sami kuskure ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Lissafinsu ba shi da wuyar ganewa. Mai Gwaji ya ce kwalba ba ta ƙarya. Dogo ya ce ya ɗebo ya kawo. Takardar wancan watan ta zama toka. Me ya rage? Tsohuwa da inji. Ni ce gajeriyar katanga, kowa ya zo wucewa ta kaina zai ƙetare.

Ɗazu ina bayan ƙofa ina wanke kofi, na ji Mai Gwaji yana ce wa masinja, "Ai ba laifinta ba ne, ido ne. Mutum ya kai wasu shekaru, layi na hawa kan layi." Da na fito sai ya ce, "Mama, sannu da ƙoƙari." Na ce, "Yawwa, sannu da jawabi." Ya yi dariya rabi, ya shige ɗakinsa.

Wannan bawan Allah, ranar da ya fara aiki ni na nuna masa inda ake kunna fitila.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Jan Biro tana karantawa da yatsa, leɓenta na motsi. In na danna lamba sai in ji numfashinta a gefen kunnena. Yau na yi shakka a kan bakwai. Ni da na yi shekara goma sha huɗu a kan tafireta, inda in ka yi kuskure a layin ƙarshe sai ka yaga shafin ka faro daga sama. Na tsaya, na dubi bakwai ɗin a takarda, na dube ta a allo, na sake duban takarda. Bakwai ce. Amma sai da na tambaye ta, "Bakwai ce ko?" Ta ce, "Bakwai ce, Mama."

Ban taɓa tambayar kowa ba sai yau.

Layi tamanin da huɗu. Ba a sami kuskure ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Da, in an tashi cin abincin rana, teburina ne majalisa. Yanzu kowa ya tuna yana da aiki a wani ɗaki. Dogo kaɗai ya rage. Mukan zauna a bencin bayan ofis, ƙarƙashin bishiya, ya fito da lemo biyu daga aljihun rigar ruwansa ya fere da 'yar wuƙarsa, ɓawon na saukowa igiya ɗaya ba tsinkewa.

Ya ce, "'Yar Tafireta, yaya makarantar? An ba ki maki nawa yau?"

Na ce, "Ɗari bisa ɗari, amma an ce in maimaita aji."

"Haka ake yi wa ƙanana. Ki yi haƙuri, in kin girma za ki gane."

"Wa ya girmi wa? Ina karɓar takarda a ofishin nan kana koyon tada babur."

"Wata uku na ba ki a duniya, ki tambaya a gida."

"Waɗanda za a tambaya duk sun tafi, shi ya sa kake cika baki."

Shekara ashirin da shida muna wannan gardamar. Ranar da maigidana ya rasu, shi ya kwashe kujerun ofis a kan babur ya kai mana, bibbiyu, har sawu tara.

Da zai tashi sai da ya dafa benci da hannu biyu. Na kau da kai ina kallon kaji.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe shida saura na yamma

Ba a sami kuskure ba. Oga ya karɓi takardun ya juya su gaba da baya, kamar wanda aka ba canji bai yarda ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma na safe

Auta ta bugo waya. "Umma, muryarki ta canza." Na ce mura ce. Ta ce in ajiye aikin nan haka in koma wurinta, ga ɗaki, ga jikoki. Na ce sai na cika wata shidan. Ta ce, "Me ke cikin wata shida?" Na ce ta gaida mijinta.

Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na wanke labulen da na wanke makon jiya.

Kakata tana da wata tatsuniya ta mutumin da nononsa ke lalacewa kullum. Ya sa 'ya'yansa uku gadin ƙwarya. Na fari ya tsare murfi, na biyu ya tsare na fari, na uku ya tsare na biyu, saniya kuwa tana can bayan gida ba mai leƙa ta. Ban san ƙarshenta ba. Kullum a daidai nan barci ke ɗauke ni a cinyarta, da safe in na tambaya ta ce tatsuniya ba ta son rana.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Masinja ya shigo da labarin unguwar kan tudu, inda waccan rijiyar take, yana faɗa da ƙarfi a tsakar ofis. Ya fara maganar yaran da aka kwantar a asibiti. Da ya gan ni sai ya haɗiye sauran, ya shiga neman abin da bai ɓata ba a aljihu.

Na shiga bayi na daɗe.

Da na dawo na tarar da kofin shayi a gefen madannaina, da zafinsa. Jan Biro ba ta ɗago kai ba. Ban san ko tausayi ba ne, ko so take in farka. Na sha dai.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Takardun kan tudu sun zo yau, guda biyar.

Huɗu na buga. Ta rijiya ta sittin da bakwai na sa ta ƙarƙashin tire, na ce wa Jan Biro lokaci ya ƙure.

Ba abin da ke damun takardar. Lamba daidai, rana daidai, sakamako lafiya lau.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na bari sai da ya fara fere lemon.

Na ce, "Dogo, takardar sittin da bakwai."

"Me ta yi?"

"Ta yi tsabta."

Wuƙar ta tsaya.

Na ce, "Na san takardunka kamar yadda na san tafin hannuna. A kan gwiwa kake rubuta su, biro na huda takarda. Akwai jar ƙasa a gefe inda babban yatsanka ke riƙewa, kuma sai sun jiƙe sun bushe sun lanƙwashe. Wannan a kan tebur aka rubuta ta."

"'Yar Tafireta, yaushe aka ɗauke ki aikin ɗan sanda?"

"Ina ka cika kwalbar?"

Ya daɗe yana kallon lemon. Can ya ce, "Famfon gindin tudu. Ai ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya."

"Arba'in da ɗaya ma ƙasa ɗaya ce?"

Ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini gwiwa. Ta kumbura ta yi kamar kan jariri, fatar na sheƙi. Ya ce sauran rijiyoyin tudun babur na kaiwa ta bayan gari, amma waɗannan biyun sai ta matakala, ɗari biyu da 'yan kai, da akwatin kwalabe a kafaɗa. Ya ce in ya faɗa wa Oga, gobe za a ce ya tafi gida, ga 'ya'ya uku ba su gama makaranta ba. Wata tara ya rage masa.

Na ce, "Ka je ka ɗebo na gaskiya. Ko ka roƙi wani ya hau maka. Zan riƙe takardar zuwa Litinin."

Ya ce, "Zan je."

Ɓawon ya tsinke a hannunsa. Ya miƙo mini lemon haka nan, rabi a fere.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

In na buga ta, mutum uku za su duba su ce daidai ne. Kuma daidai ɗin ne, abin da ke takarda shi ke allo.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Zai je. Ya ce zai je.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Bai kawo kwalba ba. Da rana na zauna a benci har aka koma aiki. Na hango baburinsa a bakin ƙofa, shi ban gan shi ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na bar gurbin sittin da bakwai ba komai, na tura wa Jan Biro takardun.

Yatsanta ya sauko, ya sauko, ya tsaya. "Mama! Kin tsallake ɗaya!" Muryarta har da ɗan daɗi, kamar wadda ta tsinci zobenta bayan mako uku tana nema. Ban ga laifinta ba. Wanda aka aika kamun kifi ba ya son dawowa da ƙugiya wayam.

Kafin ka ce kwabo ofis ya cika bayana. Mai Gwaji ya ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Ai na faɗa." Oga ya kira ni ɗakinsa, da ita, da takardar.

"Mama, mantuwa ce ko? Ba komai, ki je ki cike."

"Ba mantuwa ba ce, ranka ya daɗe. Ba zan buga ba. A sake ɗebo ruwan."

"Dalili?"

Na dubi takardar da ke kan teburinsa.

"Ga takarda, ga sakamako, ga sa hannun Mai Gwaji. Kina nufin ya yi ƙarya?"

"Bai yi ba."

"To wa ya yi?"

Na dubi kalandar da ke bayansa. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Kin san Juma'a rahoto zai tafi? Kin san yadda wannan zai zauna a ciki? Na farko kin buga ba daidai ba, na biyu kin ƙi bugawa."

Na ce na sani.

Jan Biro ce ta yi magana. Tana ta juya takardar a hannunta, ta ɗauko ta sittin da shida ta ajiye su gefe da gefe a kan teburin Oga. Ban san abin da ta gani ba. Ta ce, "Oga, kwana goma sha bakwai ina zaune kusa da matar nan, ko ɗigo ban kama ba. Gobe ni zan bi Dogo, a ɗebo a gabana."

Ban so ta zama mai ido haka ba. Ko kuwa na so. Allah ne masani.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Sun dawo. Ita ce ta shigo da akwatin a kafaɗa, takalminta ja wur. Ta kai ɗakin gwaji, ta wuce wurin Oga, aka rufe ƙofa.

Da ta fito ta zauna a kujerarta ba ta taɓa biro ba. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A matakala ta talatin ya zauna. Ya ce in ba shi minti biyar. Na ba shi ashirin."

Na janye hannuna daga madannai.

Ta ce, "Ni kaɗai na hau. Mama, rijiyar tana wari tun daga nesa."

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An sa wa sittin da bakwai kwaɗo. Ni na buga sakamakon, ba wanda ya duba bayana.

Oga ya tsaya a bakin teburina ya ce rahoto ya tafi, babu sunana a ciki. "An wanke ki, Mama. Ai dama ni ban taɓa shakka ba." Mai Gwaji ya kawo mini biskit a faranti. Da rana mutum huɗu suka jawo kujeru teburina, ana ta hira, ana dariya, ana cewa Mama akwai ido, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na ci biskit ɗaya. Kamar alli.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

An sallami Dogo, ya zo mayar da mabuɗin babur. Na same shi a bayan ofis yana ninke rigar ruwansa. Ya rame cikin kwana biyar, ko kuwa ni ce ban daɗe da duban sa sosai ba.

Na ce, "Ban faɗi sunanka ba."

Ya ce, "Na sani. Ba ki faɗa ba, kin dai nuna musu hanya."

Ya gama ninkewa, ya sa a leda. Sai ya juyo. "In tambaye ki. Ta arba'in da ɗaya, ita ma a kan tebur na rubuta ta."

"Na sani."

"Yaushe kika sani? Bayan abin ya faru?"

Zan rubuta a nan, tunda littafi ba ya kai ƙara. Na ce masa, "Ranar da ka kawo ta."

"Kika gani."

"Na gani."

"Kika buga."

"Na buga. Na ce gwiwa ce, sau ɗaya ne, rijiyar ba ta taɓa ba da matsala ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ba fushi a fuskarsa, da ma akwai. Ya ce, "To ashe mu biyu ne, 'Yar Tafireta. Ni aka kama, ke aka ba biskit."

Ya fita ta ƙaramar ƙofa yana jan ƙafa. Na so in ce ya gaida gida.

Laraba, 2 ga sabon wata, ƙarfe shida na yamma

Sau biyu na kai bakin ƙofar Oga. Na farko yana waya. Na biyu ba ya waya.

Asabar, 5 ga sabon wata, ƙarfe huɗu na yamma

Shekara talatin da ɗaya ina buga lambobin rijiyoyin nan, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Yau da safe na shiga mota na sauka a gindin tudu. Ga famfon nan, fes, yana zuba. Na fara hawa.

Sau shida na huta. Matakalar ba ɗaya ba ce da 'yar'uwarta, wata ta kai gwiwa, wata ta zaizaye. Mata na wuce ni da jarkoki a ka, daga ƙasa suke ɗaukowa yanzu, suna ce mini sannu.

Arba'in da ɗaya ƙarama ce, ba ta kai yadda nake zato ba. Murfin ƙarfe, kwaɗo, lamba da farin fenti. Na zauna a gefenta ina mayar da numfashi. Wata mata ta sauke jarkarta kusa da ni, ta ga yadda nake haki, ta tsiyaya mini ruwa a murfin jarkar ba tare da na roƙa ba. Ruwan da ta hau matakala ɗari biyu da shi.

Na ce, "Yaya yaran da aka kwantar?"

Ta ce, "Biyu sun dawo." Ta gyara ganwonta. Ban tambayi nawa aka kai ba.

Ta ce, "Baƙuwa ce ke, Mama? Wa kike nema?"

Na ce daga ofishin ruwa nake. Ta ce af, ko an zo buɗewa ne? Na ce a'a. Murfin yana hannuna, ban sha ba. Na ce, "Ni ce na rubuta cewa ruwanku lafiya lau."

Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana, har na fara jin kukan awakin wani gida. Ta miƙo hannu, na ba ta murfin, ta mayar da ruwan cikin jarka a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Ta rufe, ta durƙusa, ta ɗora a ka ita kaɗai. Na yunƙura in taya ta, ta girgiza kai.

Ta yi taku uku, ta tsaya, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Saukar ta fi hawan wuya. Ki bi ta jikin bango."